Ƙarin Albashi Ko Ƙarin Bashi? Tarihin Rigimar Ariyas A Jami'o'in Nijeriya

A cikin watan Satumba na shekarar 2023 wata takarda ta fito daga Hukumar Tsara Albashi ta Ƙasa da ke Abuja, ta bi ta Ma'aikatar Ilmi, har ta isa teburin ma'ajin kowace jami'a ta Gwamnatin Tarayya. Abin da takardar ta ƙunsa gajere ne. An yi wa farfesoshi ƙarin kashi 35 cikin 100 na albashinsu, sauran malamai kuwa kashi 25, kuma ƙarin ya fara aiki tun daga ran 1 ga watan Janairu na wannan shekara. Watau ran da aka sa wa takardar hannu, gwamnati ta riga ta ɗora wa kanta bashin watanni takwas da 'yan kwanaki na dubban malamai, tun kafin ko mutum ɗaya ya ga kwabo a hannunsa.

Ba a fara biyan sabon albashin ba sai da aka shiga shekarar 2024. Cikon watanni 12 na 2023 kuwa sai ya tsaya cak. Da Ƙungiyar Malaman Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka fi sani da ASUU, ta shiga yajin aikin gargaɗi ran 13 ga watan Oktoba na 2025, wannan ciko yana cikin jerin abubuwan da shugabanta, Farfesa Chris Piwuna, ya ce ƙungiyar tana bi. Ƙarin da aka yi don a kwantar da hankalin malamai, shi ne kuma ya zama ɗaya daga cikin dalilan rufe azuzuwa bayan shekaru biyu.

Wanda ya bi tarihin jami'o'in ƙasar nan ba zai yi mamakin wannan ba. Fiye da shekaru hamsin ke nan ana maimaita abu guda: a yi ta jan ƙafa wajen tattaunawa, in tura ta kai bango a sanar da ƙari, a mayar da ranar fara shi baya, sa'an nan a gano babu kuɗin biyan watannin da suka wuce. Daga nan sai sabuwar rigima ta tashi a kan tsohon alkawari.

MENE NE ARIYAS?

Ma'aikata sun daɗe da arar kalmar ariyas, suna nufin duk wani haƙƙi da lokacin biyansa ya yi amma ba a biya ba. A jami'o'i kuwa ariyas iri huɗu ne, kuma sau da yawa akan cuɗa su wuri guda har mai sauraro ya rasa wanne ake magana a kai.

Na farko shi ne cikon ƙarin albashi da aka mayar da ranarsa baya, irin na 2023. Na biyu cikon ƙarin girma. Malami zai cika sharuɗɗan hawa daga mataki zuwa mataki, a tura rubuce-rubucensa ga masana na wasu jami'o'i su tantance, abin ya ɗauki shekara ɗaya ko biyu. Idan amsa ta dawo sai a ba shi takarda mai ɗauke da tsohuwar rana, amma bambancin albashin tsakanin matakan biyu ya zama bashi. Na uku alawus na aikin da aka riga aka yi, kamar duba kundin binciken ɗaliban babban digiri, da raka ɗalibai aikin gwaji, da koyar da ajin da ya wuce ƙa'ida yawa. Na huɗu kuwa albashin da aka riƙe saboda yajin aiki.

Dalilin da ƙungiya ke dagewa a kan mayar da rana baya a fili yake. Tana cewa in da a ce ƙari zai fara ne daga ranar sa hannu kawai, to gwamnati ta sami riba a duk watan da ta ja tattaunawa, kuma ba za ta taɓa yin gaggawa ba. Ita kuma gwamnati tana da nata uzurin, cewa kasafin kuɗin shekarar da ta wuce an riga an rufe shi, ba a kuwa fitar da kuɗi daga baitulmali sai da amincewar majalisa. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya. Abin da ke jawo fitina shi ne gwamnati takan yarda da ranar da ƙungiya ke so a teburin sulhu, don a buɗe makarantu, alhali ba ta tanadi kuɗin ba.

DAGA UDOJI AKA FARA

A watan Afrilu na 1973 malaman jami'o'i shida da ake da su a lokacin suka yi yajin aiki a kan albashi, a ƙarƙashin tsohuwar ƙungiyarsu da aka kafa a 1965. Janar Yakubu Gowon bai tsaya dogon ciniki ba. Ya ba su zaɓi, ko su koma aiki ko su fita daga gidajen jami'a. Da yake kusan dukkansu a gidajen hukuma suke zaune da iyalansu, sai suka koma, amma da tabo a zuciya.

A lokacin kuwa wata hukuma da aka kafa a 1972 a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji tana nazarin aikin gwamnati baki ɗaya. Ta miƙa rahotonta a watan Satumba na 1974, gwamnati ta fitar da Farar Takarda a watan Disamba. Ainihin manufar rahoton ita ce gyara yadda ake tafiyar da aikin hukuma, amma abin da jama'a suka riƙe har yau shi ne kuɗin. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 312 zuwa Naira 720 a shekara, aka kuma mayar da ranar farawa zuwa 1 ga watan Afrilu na 1974, tun da yake a wancan zamani daga Afrilu shekarar kuɗi ta gwamnati take farawa. Saboda haka a farkon 1975 ma'aikata suka karɓi cikon watanni tara.

Wannan karon an biya, domin kuɗin man fetur ya cika baitulmali bayan tashin farashinsa a 1973. Dattawan da suka ga zamanin suna tuna yadda aka yi ta sayen babura da rediyo da firji, aka yi ta ɗaura aure, har sunan Udoji ya zama kalmar da ake kiran duk wata garaɓasa da ita. Sai dai kasuwa ma ta ji labari. A 1975 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100, ma'aikatan kamfanoni suka yi ta yajin aiki suna neman nasu Udojin, manomi da ɗan tireda kuwa suka sha tsadar ba tare da sun ga ƙarin ba.

Ga malaman jami'a, Udoji ya zo da zuma da maɗaci. Sun karɓi ciko kamar kowa, amma an cusa su cikin tsarin matakan albashi na bai ɗaya, daga mataki na 1 zuwa na 17, inda aka ajiye farfesa a mataki na 16, ƙasa da babban sakataren ma'aikata. Daga nan aka gaji abubuwa biyu da suka daɗe suna damun jami'o'i. Ɗaya shi ne albashin malami ya koma hannun ofisoshin gwamnati, ya bar hannun majalisar jami'arsa. Ɗayan kuma shi ne kowane ma'aikaci ya ɗauka cewa ƙarin albashi da ciko tare suke tafiya, ko da baitulmalin ba irin na 1975 ba ne.

ZAMANIN SOJA DA YARJEJENIYAR 1992

An kafa ASUU a 1978. A zamanin Alhaji Shehu Shagari ta matsa lamba har aka kafa hukumar Cookey, wadda rahotonta na 1981 ya fitar da jami'o'i daga tsarin Udoji, aka ba su nasu tsarin albashi. Wannan rata ba ta daɗe ba. Shirin tsuke bakin aljihu da Janar Ibrahim Babangida ya shigo da shi a 1986 ya karya darajar Naira, albashin malami ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata, manyan malamai suka fara ficewa zuwa Amurka da Ingila da Saudiyya da ƙasashen kudancin Afirka.

A 1988 gwamnati ta fito da sabon tsarin albashi ga ma'aikatanta, amma aiwatar da shi a jami'o'i ya yi ta jinkiri. Ƙungiyar, a ƙarƙashin Dokta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero ta Kano, ta tafi yajin aiki. Gwamnati ta haramta ta, ta ƙwace kayanta, ta tsare wasu daga cikin shugabanninta. Farfesa Jibril Aminu ne Ministan Ilmi a lokacin. An ɗage haramcin a 1990, aka sake maimaita shi a 1992 da wani yajin ya ɓarke. Abin mamaki shi ne da wannan ƙungiya da aka haramta gwamnati ta zauna, har aka sa hannu a yarjejeniyar ran 3 ga watan Satumba na 1992.

Wannan yarjejeniya ta ba malamai tsarin albashi nasu na kansu, ta kuma haifar da harajin ilmi na kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda dokar soja ta 1993 ta kafa, shi ne tushen asusun da a yau ake kira TETFund. Akasarin sababbin gine-ginen da ake gani a jami'o'in gwamnati daga wannan asusu suka fito. Amma tun ba a je ko'ina ba, Farfesa Ben Nwabueze, wanda ya riƙi sha'anin ilmi a 1993, ya bayyana cewa a ra'ayinsa na masanin shari'a irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaure gwamnati ɗaurin da kotu za ta tilasta mata. Malamai sun riƙe wannan magana. Tun daga ranar suka ɗauka cewa takardar da aka sa wa hannu ba ta da wani mai tsaronta sai yajin aiki.

ALAWUS ƊIN 2009 DA YAJIN 2013

Yarjejeniyar da ta fi kowace shahara ita ce ta watan Oktoba na 2009, wadda aka ƙulla bayan yajin aikin kusan watanni huɗu a zamanin Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mista Gamaliel Onosode ne ya jagoranci ɓangaren gwamnati, Farfesa Ukachukwu Awuzie kuma yana shugabancin ƙungiyar. Ta kawo sabon tsarin albashi, ta jera alawus-alawus na aikin da aka yi, ta kuma tanadi cewa za a sake duba ta bayan shekaru uku.

Albashin ya fara shiga, amma alawus ɗin ya yi ta taruwa. Kafin tsakiyar 2013 an ƙiyasta bashin ya kai Naira miliyan dubu 92. Ran 1 ga watan Yuli na wannan shekara ƙungiyar, a ƙarƙashin Dokta Nasir Fagge, ta rufe jami'o'i. Gwamnatin Dokta Goodluck Jonathan ta ce abin da za ta iya bayarwa shi ne Naira miliyan dubu 30, majalisun jami'o'i su tantance su raba. Ƙungiyar ta ce bashi ba a yi masa ragi da ƙarfin tsiya. Aka kai ga Shugaban Ƙasa da kansa ya zauna da shugabanninta a farkon watan Nuwamba, zaman da ya ɗauki kimanin sa'o'i 13.

A cikin wannan hali ne ƙungiyar ta yi babban rashi. Ran 12 ga watan Nuwamba, tsohon shugabanta Farfesa Festus Iyayi na Jami'ar Benin ya rasu a hatsarin mota kusa da Lakwaja, yana kan hanyarsa ta zuwa Kano wajen taron da zai duba tayin gwamnati. Ba a janye yajin ba sai ran 17 ga watan Disamba, bayan gwamnati ta ajiye Naira miliyan dubu 200 a Babban Banki don gyaran jami'o'i, tare da alkawarin ci gaba da bayarwa shekara-shekara har jimlar ta kai Naira tiriliyan 1.3. Kashin farko ne kaɗai ya fito cikakke. Ragowar, da ragowar alawus, su ne suka sake fitowa a yajin 2017, da na 2018 zuwa 2019, da na 2020.

SHUGABAN JAMI'A: GABA KURA BAYA SAYAKI

A bisa doka, majalisar gudanarwa ta kowace jami'a ita ce ke ɗaukar malami aiki, ita ke ƙara masa girma, ita ke sallamarsa. Gyaran dokar jami'o'i na 2003 ya ƙara tabbatar da haka. Amma majalisar ba ita ke yanka albashi ba, ba kuma ita ke riƙe da jakar kuɗi ba. A tsakiyar yajin 2009 gwamnati ta taɓa janyewa daga teburin sulhu, tana cewa kowane reshe ya je ya ƙarasa ciniki da majalisar jami'arsa. Ƙungiyar ta ƙi, domin ta san majalisar da ba ta da kuɗi ba ta da abin sa wa hannu. Sai da Kwamared Adams Oshiomhole, Gwamnan Jihar Edo na lokacin, ya shiga tsakani kafin a koma zama.

Wannan shi ne ya sa shugaban jami'a yake cikin tsaka mai wuya. Shi ma malami ne, daga cikin ƙungiyar ya fito, kuma bayan shekaru biyar cikinta zai koma. Idan Abuja ta turo kuɗin da bai kai bashin ba, a ofishinsa da na ma'aji za a yi rabon, a ƙofarsa kuma za a yi zanga-zanga. In ya ɗebi kuɗin shigar jami'a ya cike giɓi, masu binciken kuɗi za su tuhume shi. In ya ƙara wa ɗalibai kuɗin rajista don ya sami abin biya, harabar makaranta ta kama da wuta.

Rabon kansa wata fitina ce. Jami'a ba malamai kaɗai ke cikinta ba, akwai ma'aikatan ofis, da na ɗakunan gwaje-gwaje, da direbobi da masu gadi, kowane rukuni da ƙungiyarsa. Da gwamnati ta amince da Naira miliyan dubu 40 na alawus a ƙarshen 2020, aka ware wa malamai kashi 75 cikin 100, sauran ƙungiyoyi uku suka tashi da kashi 25. Ƙungiyoyin SSANU da NASU suka ce ba su yarda ba, suka shiga nasu yajin a watan Fabrairu na 2021, a daidai lokacin da ɗalibai ke murnar komawa makaranta.

Jami'o'in jihohi kuwa nasu ya fi muni. Malamansu 'yan ƙungiyar ne, tare ake yajin aiki da su, amma gwamnoni sukan ce yarjejeniyar Abuja ba ta hau kansu ba, tun da ba su ne suka sa hannu ba. A 2010 jami'o'in jihohin kudu maso gabas sun shafe watanni a rufe saboda gwamnonin yankin sun ƙi biyan tsarin albashin 2009. A duk lokacin da wata jiha ta yarda daga baya, tambayar farko ita ce daga wace rana, daga nan kuma sai a buɗe sabon littafin bashi.

Akwai kuma darasin Jami'ar Ilori. A 2001 hukumar jami'ar ta kori malamai 49 da suka shiga yajin aikin ƙasa. Shari'a ta yi ta tafiya daga kotu zuwa kotu, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta yanke cewa korar ta saɓa wa doka, ta ba da umurnin a mayar da su, a kuma biya su albashinsu da alawus tun daga 2001. Gaskiya ta yi halinta, amma bayan shekaru takwas, kuma wasu daga cikin malaman sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar hukuncin.

BA AIKI, BA BIYA

Sake duba yarjejeniyar 2009, wanda ya kamata a yi a 2012, ba a fara shi ba sai 2017. Kwamitin Dokta Wale Babalakin ya zo ya wuce, na Farfesa Munzali Jibril ya miƙa daftari a 2021, na Farfesa Nimi Briggs ya miƙa nasa a 2022, ba a sa wa ko ɗaya hannu ba. A tsakanin nan aka ƙara da rigimar IPPIS, watau tsarin biyan albashi ta kwamfuta daga ofishin Akanta Janar. Gwamnati ta ce da shi za ta kama ma'aikatan bogi da masu cin albashi biyu. Ƙungiyar ta ce tsarin bai san malamin aro ko mai hutun bincike ba, yana yanke wa mutane kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, kuma ana cire kuɗin ƙungiya da na adashen ma'aikata ba a miƙa wa masu shi.

Ran 14 ga watan Fabrairu na 2022 aka shiga yajin da ya kai watanni takwas, a ƙarƙashin Farfesa Emmanuel Osodeke. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗauko sashe na 43 na Dokar Rikicin Ma'aikata, wanda ya ce ba a biyan ma'aikaci kwanakin da ya yi yana yajin aiki. A watan Satumba Ministan Ilmi, Malam Adamu Adamu, ya sanar da tayin ƙarin kashi 35 ga farfesoshi da kashi 23.5 ga saura. Ƙungiyar ta ce wannan kyauta ce aka jefo mata, alhali abin da take nema shi ne a sa hannu a kan abin da aka yi ciniki. Ministan Ƙwadago, Dokta Chris Ngige, ya kai ƙara Kotun Ma'aikata, wadda ta ba da umurnin komawa aiki ran 21 ga watan Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta ce a bi umurnin tukuna. Ran 14 ga watan Oktoba aka janye yajin. Da albashin watan ya fito, na kwanaki 18 kawai aka biya.

Hujjar malamai ita ce aikinsu ba koyarwa kaɗai ba ne, akwai bincike da hidimar al'umma, kuma darussan da aka rasa su ne za su koyar da su, su shirya jarrabawa, su duba takardu, ba tare da hutu ba. Hujjar gwamnati ita ce doka ba ta ware kowa ba. A watan Oktoba na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya amince a biya watanni huɗu, aka biya a watan Fabrairu na 2024, ragowar watanni uku da rabi suka shiga jerin bashin da aka yi yajin 2025 a kansa. A watan Disamba na 2023 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga IPPIS.

KUƊIN DA AKA JINKIRTA BA SHI NE AKA YI ALKAWARI BA

Akwai wani ɓangare na wannan rigima da ba a cika lura da shi ba, watau abin da jinkiri ke yi wa kuɗin kansa. A ɗauki misalin farfesan da albashinsa Naira dubu 400 ne a wata. Ƙarin kashi 35 zai ba shi Naira dubu 140 a kowane wata, cikon shekara guda kuma ya kama Naira miliyan 1 da dubu 680. A watan Janairu na 2023 farashin hukuma na litar fetur bai kai Naira 200 ba, saboda haka ƙarin wata ɗaya zai sayi fiye da lita 700. Bayan an janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na wannan shekara farashin ya yi ta hawa, har ya haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. A lokacin, wannan Naira dubu 140 ba za ta wuce lita 140 ba.

Haka abin yake a kan Dala, wadda da ita ake sayen littattafai da kayan gwaji. A farkon 2023 Dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, a watan Fabrairu na 2024 kuwa ta kai wajen Naira 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Tun da yake ana biyan ciko ne da adadin da aka rubuta tun farko, duk shekarar da aka ƙara ana jinkiri, mai bin bashi ne ke asara, wanda ake bi kuwa nauyinsa raguwa yake yi. Muddin lissafin yana haka, ba abin da zai sa ofishin kasafi ya yi sauri.

WANDA BA YA BIN KOWA BASHI

A duk wannan ja-in-ja akwai mutum ɗaya da ba a taɓa biyansa ciko ba, shi ne ɗalibi. Yajin 2020 ya ci watanni tara, daga Maris zuwa Disamba, ya haɗu da kullen annobar korona. Na 2022 ya ci takwas. Watau cikin shekaru uku an rasa watanni 17. Wasu jami'o'i sun soke shekarar karatu guda, wasu sun haɗa ɗaliban shekaru biyu a aji ɗaya. Mai karatun shekaru huɗu ya yi shida, kuɗin hayar ɗaki ya ƙone, wanda shekarunsa suka haura 30 kafin ya gama ya rasa damar yi wa ƙasa hidima, 'yan mata da yawa kuma aka ɗaura musu aure karatun bai ƙare ba.

Masu hali sun daɗe da nemo mafita. A 1999 aka ba jami'o'i uku masu zaman kansu lasisi, kafin ƙarshen 2023 sun haura 140. Iyaye da dama a Arewa sun tura 'ya'yansu Maraɗi da Kwatano da Masar da Sudan, har yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023 ya sa aka kwaso ɗalibai da yawa gida. Ɗan talaka kuwa jami'ar gwamnati ce kaɗai gatansa, shi ne kuma ke zaman jira a duk lokacin da aka rufe ta.

Ita ma ƙungiyar ba ta tsira daga zargi ba. Iyaye da yawa suna ganin ta dogara da makami ɗaya har ya fara dakushewa, wasu malamai kuma sun ɓalle sun kafa ƙungiyar CONUA, wadda gwamnati ta yi wa rajista a watan Oktoba na 2022. Amsar da shugabanninta ke bayarwa ita ce a nuna musu wani abu guda da aka taɓa ba jami'o'i ba tare da an rufe su ba.

INA MAFITA?

A watan Janairu na 2026 aka bayyana sabuwar yarjejeniya da ta maye gurbin ta 2009, bayan aikin kwamitin Alhaji Yayale Ahmed, mai ɗauke da ƙarin kashi 40 cikin 100 daga ran 1 ga wannan wata. A wannan karon ranar farawa da ranar sanarwa ba su yi nisa da juna ba, wanda hakan ya rage haɗarin haifar da sabon bashi tun daga ranar farko. Amma an shafe fiye da shekaru 16 kafin a sabunta takardar da aka ce za a duba bayan shekaru uku.

Abin da tarihin ya nuna ba ya bukatar wani sabon kwamiti. Kada wakilin gwamnati ya sa hannu a kan ranar da Ma'aikatar Kuɗi ba ta nuna layinta a cikin kasafi ba. A tsayar da lokacin sake duba albashi, a kuma fara zama tun wa'adin bai cika ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Alawus na aikin da ake yi kullum a riƙa biyansa tare da albashin wata, kada a bar shi ya taru ya zama dutse. Kowace jami'a ta liƙa jerin abin da aka turo mata da yadda ta raba, don shugabanta ya fita daga zargi. Tsofaffin basussuka kuma a lissafa su gaba ɗaya, a sa musu ranakun biya, a sanar da jama'a.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Gwamnatin 1975 ta ɗauki nata ta sauke saboda rijiyoyin mai sun cika mata aljihu. Waɗanda suka biyo bayanta sun gaji al'adar mayar da rana baya, amma ba su gaji aljihun ba. Ranar da za a gane ko an ɗauki darasi ita ce ƙarshen kowane wata, lokacin da malami zai duba abin da ya shiga asusunsa, ya ga ko ya yi daidai da abin da aka rubuta a takarda.